Jan Kafet Don Jirgin Asibiti

Mutumin da unguwa ke kira Kyaftin bai taɓa riƙe sitiyarin komai ba in ban da na tsohuwar a-kori-kurarsa, ita ma sai an tura take tashi. Sana'arsa hayar rumfuna da kujeru ce. In za a yi taro shi ake kira ya kafa rumfa, ya jera kujerun roba, ya shimfiɗa kafet, ya ɗaura lasifika, kuma a wannan fannin, gaskiya dai, babu mai ja da shi. Bakinsa ne matsalar. Shekara goma sha biyu da suka wuce aka taɓa ba shi aikin kai kujeru filin jirgin sama na babban birni, za a buɗe wani sabon zaure. Ya tafi da safe ya dawo da la'asar, amma tun daga ranar ƙafarsa ba ta sake taɓa ƙasa ba.

Jirgi ba ya wucewa ta saman unguwa bai ɗaga kai ya duba lafiyarsa ba. "Wannan an yi masa lodi da yawa a baya," zai ce, ko kuma, "Sabon matuƙi ne wannan, ji yadda yake shan kwana." Telan da ke maƙwabtaka da shagonsa ne ya laƙaba masa Kyaftin don ya ji haushi. Haushi kuma? Ina! Washegari ya sa aka rubuta sunan da jan fenti a bayan kujerunsa gaba ɗaya.

Ranar da abin ya faru, an kwana biyu ana tafka ruwa, kogi ya cika ya tafi da rabin gadar da ta haɗa unguwar da cikin gari. Da hantsi rana ta fito, yayan Kyaftin, wanda kafinta ne, ya hau rufin wani gida zai mayar da kwanon da iska ta ɗaye. Kwano a jiƙe, takalmi duk taɓo. Santsi ya kwashe shi ya faɗo kan tarin bulo.

Aka ɗauke shi zuwa ƙaramin asibitin unguwa, inda ma'aikaciyar jinya ɗaya ce rak, kowa Sista yake ce mata. Ta duba shi, ta ɗaure ƙafar, ta sa masa ƙarin ruwa, sannan ta ja Kyaftin gefe, don matar kafintan tana can ƙetaren kogi tun shekaranjiya, ruwa ya tare ta a gidan 'yar uwarta.

"Ƙashin cinya ne ya karye, kuma jini yana zuba ta ciki," in ji Sista. "Iyakar abin da zan iya na yi. Sauran aikin babban asibiti ne, kuma yau, ba gobe ba."

Tsoro ya kama Kyaftin. Yayan nan shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya ƙera masa rumfarsa ta farko da hannunsa. To amma shi Kyaftin irin mutanen nan ne da in tsoro ya kama su, bakinsu ke ƙara buɗewa.

Sista ta kira masu jirgin ɗaukar marasa lafiya. Ta faɗi shekarun mutumin, da yadda ya faɗo, da abin da awon jininsa ya nuna, ta gaya musu gada ta karye, ta tura musu alamar filin ƙwallon makaranta ta waya. Da ta gama ta ce, "Jirgi mai saukar ungulu zai iso nan da minti arba'in. Ni ba zan iya barin mara lafiya ba. Ina son mutum ɗaya mai natsuwa ya je ya duba filin."

Kyaftin ya gyara tsayuwa ya taɓa hularsa.

"Sista, ai Allah ne ya kawo ni. Harkarmu ce ta zo gida."

"To saurara. Sun ce fili ya zama babu komai a cikinsa, ko leda kar a bari. Kar a samu waya ko igiya a sama. Mutane kuma su tsaya can nesa, bayan katanga. Maimaita mini."

"Ni za ki ce in maimaita? Ni da matuƙa muke cin abinci kwano ɗaya?"

Daga kan gado yayan ya buɗe ido da kyar. "Ƙanina, ka yi abin da ta ce kawai. Kar ka ƙara komai."

"Kwanta ka huta, Yaya. Yau za ka ga amfanin ƙaninka."

Yayan ya mayar da idonsa ya rufe. Ko ciwo ne, ko maganar ce, Allah kaɗai ya sani.

Filin kuwa, da Kyaftin ya isa, ya same shi daidai yadda kowane matuƙi zai so: shimfiɗaɗɗe, ciyawa gajera, ruwa ya kwantar da ƙura, makaranta tana hutu, babu ko tsinke a ƙasa. Abin da ya rage kawai a rufe ƙofa a zauna a jira. Da ya yi hakan, da babu labarin da za a bayar.

Ya tsaya a tsakiyar filin ya riƙe ƙugu, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya girgiza kai.

"Haba. Nan za a ce baƙo ya sauka? Shekara ashirin ina shirya fili, ban taɓa miƙa wa baƙo fili tsirara ba."

Tsohon mai gadin makarantar ya biyo shi yana dogara sanda. "Ɗana, ai ba zama za su yi ba. Ɗauka za su yi su tafi."

"Baba, kai ba ka taɓa ganin ƙasa daga sama ba. Daga can duk filaye iri ɗaya ne, kore nan, kore can. In ya je ya sauka a gonar wani fa? Dole a yi masa alamar da zai gani tun daga gajimare."

Da yake gada ta hana kowa fita aiki, mazan unguwa suna nan zube a ƙofar shaguna ba abin yi. Kyaftin ya yi kira ɗaya aka tura a-kori-kura, kafin minti goma ta dawo tana nishi da kaya har sama. Aka fara sauke jan kafet ɗin nan mai tsawo da yake ajiye wa manyan baƙi, aka warware shi daga tsakiyar fili har bakin ƙofa. Sannan aka kafa rumfa ɗaya, don in an kawo Yaya kar rana ta dake shi. Wannan ma dai da sauƙi.

Tela ya zo kallo, tef a wuya, almakashi a aljihu. Ya zagaya rumfar ya ce da gatse, "Kyaftin, mara lafiya ya samu inuwa, su likitocin da za su zo fa? A rana za ka bar su?"

Kyaftin ya bugi goshinsa. "Ka ga amfanin maƙwabci. Ku kafa ta biyu."

"Kujeru fa? Mutum ya taho tun daga sama a ce ya tsaya a tsaye?"

"Kujeru ashirin, masu hannu, a sahun gaba."

Duk abin da Tela ya faɗa don tsokana, Kyaftin sai ya ɗauke shi shawara. Mutane kuma da suka ga rumfa da kujeru, ba wanda ya tambayi ko an gayyace shi, kowa ya nemi wuri ya zauna. Mata suka iso da laima, tsofaffi suka ce ba za su zauna a rana ba alhali ga rumfuna a mota. Aka kafa ta uku, aka kafa ta huɗu.

"Saura harafin nan," in ji Kyaftin. "Duk inda jirgi irin wannan zai sauka sai an rubuta masa babban H a ƙasa. Wa ke da farin fenti?"

Babu mai fenti. A nan ne Tela, wanda ya zo yin dariya, ya ji girman kai ya taso masa. "In don fari ne, ina da bandir uku na yadi da ba a taɓa ba. Amma ni zan shimfiɗa, don kai ba ka san miƙaƙƙen layi ba."

Ya ɗauko yadi, ya durƙusa a kan ciyawa yana aunawa da tef, yana cewa a ja nan a saki can, har harafin ya fito tsaf kamar an goge shi da dutsen guga. Aka ɗora kujerar roba ɗaya a kan kowace kusurwa, wai don kar iska ta motsa shi.

Ana cikin haka matar Kyaftin ta iso, wadda ake kira Maman 'yan biyu. Daga asibiti take, kuma tana tsaye a wurin lokacin da Sista ke ba da umarni. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ga mijinta a kan tsani yana ɗaure igiyar tutoci, ja da rawaya da kore, daga ƙarfen raga na wannan gefen har na wancan, ta ratsa tsakiyar fili.

"Baban 'yan biyu, me nake gani haka?"

"Aiki kike gani."

"Ba da kunnena na ji Sista ta ce kar a samu igiya a sama ba?"

"Wannan ta nuna wa matuƙi inda iska ke kaɗawa ce. Abu ne na cikin harka, ba za ki gane ba."

"Ta kuma ce ko leda kar a bari. Ga rumfa huɗu."

"To kin ga leda?"

Ta dube shi, ta dubi taron jama'a, ta ce, "Wallahi da ba yayanka ne a kwance ba, da ni ma kujera zan ja in zauna in ga ƙarshenka." Ta ciro waya ta kira Sista sau uku, layin yana kan magana da mutanen jirgi. Ta juya ta kama hanyar asibiti da sauri, sai dai ta bi ta lungu, su Sista kuma sun riga sun taho da Yaya ta titi.

Kyaftin bai ma lura da tafiyarta ba, don wata dabara ta sake faɗo masa. Ya ce ya taɓa jin matuƙa na son hayaƙi, shi ke nuna musu wuri tun daga nesa. Ya sa Baba mai gadi ya tara ciyawa a gefen fili ya cinna mata wuta. Ciyawar da ta kwana biyu tana shan ruwa ai ba ci take yi ba, turnuƙewa take. Hayaƙi ya tashi fari fat, iska ta kwaso shi ta juye a rumfar tsofaffi. Tari ya kaure, wata tsohuwa ta ce in kashe su aka tara su a yi, a faɗa musu su yi sallama da jikoki.

"Haƙuri, Iya, alamar tana aiki," in ji Kyaftin.

Aka tayar da janareta, aka haɗa lasifika. Ya hura makirfon sau biyu. "Ana gwaji, ɗaya, biyu. Jama'a, idan jirgi ya iso kowa ya zauna a kujerarsa cikin natsuwa. Ni zan tsaya a gaba in saukar da shi da hannu. Kar wanda ya yi tafi sai na ba da izini."

Ya sa farar safar hannu, ya zaro jajayen farantan roba guda biyu daga cikin kayan haya, ya taka kafet har kan harafin Tela, ya fara gwada ɗaga hannu da saukewa.

"Wannan kiran jirgi ne ko korar kaji?" in ji Tela.

"Kai dai ka ji da allurarka."

A daidai lokacin wata ƙaramar bas ta shigo ƙofar makaranta a hankali, an cire kujerun bayanta an kwantar da Yaya, Sista na riƙe da robar ƙarin ruwa. Ta leƙo ta taga. Ta ga rumfuna, ta ga kujeru cike da mutane, ta ga tutoci, ta ga hayaƙi, ta ga jan kafet ya miƙo har gaban tayar motar. Kafin ta ce komai, sai aka ji ƙarar jirgi daga bayan tsauni, tif tif tif, tana matsowa.

Jirgin ya bayyana, fari da ratsin ja, ya zagaya sau ɗaya. Hayaƙin Baba ya rufe rabin filin, don haka matuƙin ya rage tsawo ya matso ya ga abin da ke ƙasa. Kyaftin ya buɗe ƙirji ya ɗaga farantai.

Hularsa ce ta fara tafiya. Farantan suka bi ta, ɗaya gabas ɗaya yamma. Jan kafet ya ɗaga kai daga can ƙarshe, ya taho yana naɗewa, ya tarar da Tela a hanya ya haɗa da shi. Rumfa ta uku ta cire ƙafafunta daga ƙasa ta yi tafiyar taku goma a tsaye kafin ta kife a kan janareta. Kujerun da mutane suka tashi daga kai suka watse suna tuntsurawa, kowace da sunan Kyaftin a bayanta. Laimomi suka juye, ɗankwalaye suka tashi, tsofaffin da aka ce ƙafa ta hana su zuwa ko'ina suka riga matasa kaiwa katanga. Wutar Baba, wadda tun ɗazu ta ƙi ci, ta samu iskar da take nema ta kama da gaske.

Sai farin yadin Tela ya kuɓuce daga ƙarƙashin kujeru. Ya tashi sama a miƙe, ya sarƙe da igiyar tutoci, ya ja ta, suka nufi farfelar jirgin tare. Ƙarar injin ta canza. Jirgin ya karkace gefe, ya ɗaga da ƙarfi, ya juya ya nufi bayan tsauni har aka daina ganinsa.

Filin ya yi tsit, in ban da tarin tsohuwar nan da muryar Tela daga cikin kafet yana cewa a warware shi.

Kyaftin ya tashi daga inda iska ta zaunar da shi, ya karkaɗe riga, ya lalubo makirfon a cikin ciyawa. Abin mamaki, yana aiki. "Jama'a, kar hankalin kowa ya tashi. Wannan gwajin iska ne, haka muke yi. Yanzu zai zagayo."

Wayar Sista ta yi ƙara. Ta sauko daga bas ta taho, fuskar nan babu alamar wasa. "Daga jirgi ne. Ana neman wanda ya shirya fili."

"Kun ji ko?" in ji Kyaftin. "Ku yi shiru, abokin aikina zai yi magana." Ya karɓi wayar ya buɗe muryarta, ya kara ta a bakin makirfon da hannunsa, don kowa ya ji yabon da za a yi masa.

Muryar mace ce ta fito daga lasifika, a natse, ta cika filin har bayan katanga.

"Ni ce matuƙiyar jirgin. Da wa nake magana?"

"Kyaftin ne."

"Kyaftin na wane jirgi?"

Kyaftin ya yi gyaran murya. Ya sake yin gyaran murya. Tela, wanda aka warware rabinsa, ya ɗago kai ya ce, "Na kujeru, ranki ya daɗe."

Dariya ta ɓarke a bakin katanga, amma matuƙiyar ba ta yi ba.

"To Malam mai kujeru, saurara da kyau. Farin ƙyallen nan saura kaɗan ya shiga farfelata. Da ya shiga, da mu uku da ke ciki da ku da ke ƙasa duk wani jirgin ake nema mana. Man da zan iya jira da shi na minti goma sha biyu ne. Zan zagayo sau ɗaya. In na ga ko hula a filin nan zan koma, kuma ba za ku samu wani jirgin ba sai yamma."

Wayar ta katse. Sista ta karɓe ta, ta ture makirfon gefe, ta matso kusa da kunnensa yadda ba wanda zai ji sai shi.

"Yayanka ba zai kai yamma ba."

Kyaftin ya waiwaya ya dubi bas ɗin. Ta buɗaɗɗiyar ƙofar baya ana hango tafin ƙafar yayansa, da hannunsa ɗaya da ya zubo gefe. Kunya ta kama shi, amma tsoro ya fi kunyar yawa, tsoron da bai taɓa jin irinsa ba, cewa da rumfarsa da kafet ɗinsa zai kashe mutumin da ya raine shi. A karon farko a rayuwarsa tsoro ya kama shi bakinsa bai buɗe da surutu ba.

Ya cire safar hannun ya cusa a aljihu. Da ya yi magana, ba muryar Kyaftin ba ce, muryar mai rumfa ce in an tashi taro hadari ya taso.

"Mutum huɗu a kowace rumfa, kowa ya kama ƙafa ɗaya. Kar ku kwance, ku ɗaga ta haka ku fita da ita bayan azuzuwa. Kujeru a haɗa goma-goma. Mata ku jeru kafaɗa da kafaɗa daga wancan ƙarshen, ku taho kuna tsince duk abin da ba ciyawa ba. Baba, guga, a kashe wutar nan a tattake tokar. Tela, ba ni almakashi."

"Yadina fa?"

"Ba ni almakashi."

Tela ya dubi idonsa ya miƙa ba musu. Kyaftin ya hau ƙarfen raga ba tsani, ya datse igiyar tutocin da ya fi ƙauna a duk kayansa, ya sauko ya ruga ɗaya gefen ya datse. Ya tattaro ta da yadin ya dunƙule ya jefa cikin aji ya ja ƙofa. Shirya fili dai ya ɓata, amma kwashe fili aikinsa ne na shekara ashirin, kuma ranar unguwa ta ga abin da ake nufi da gwani. Rumfuna huɗu suka fita da ƙafafun mutane a ƙarƙashinsu. Kafet ɗin da mutum shida ke ɗauka, shi da Tela suka ja shi. Maman 'yan biyu ta dawo tana haki daga asibiti, ba ta tambayi komai ba ta shiga sahun masu tsinta, ita ce ma ta tsinci hularsa a gindin katanga ta cusa a jaka.

"Minti nawa?" yake tambayar Sista duk in ya gifta ta.

"Bakwai."

"Yanzu fa?"

"Tara. Ka daina tambaya ka kori mutanen can."

Ya kore su har bayan katanga, tsoho da tsohuwa, ba sani ba sabo, ya ce kowa ya riƙe hularsa da ɗankwalinsa a hannu. Ya sake zagaya filin a guje shi kaɗai, ya tsinci murfin kwalba ɗaya da takalmin wani. A minti na goma sha ɗaya filin ya koma yadda ya same shi da safe, sai dai tabon ƙonar ciyawa a gefe.

Ƙarar ta dawo. Jirgin ya tsaya a sama yana duba ƙasa, kamar mai sayen da aka taɓa cuta. Kyaftin yana bayan katanga, hannayensa suna ƙaiƙayin ɗagawa, Maman 'yan biyu ta riƙe ɗaya, Baba mai gadi ya riƙe ɗaya. Jirgin ya sauko a hankali ya zauna a kan ciyawa ba tare da taimakon kowa ba.

Likita da mataimakinsa suka fito a sunkuye da gadon ɗaukar mara lafiya. Sista ta yi musu bayani da ƙarfi saboda ƙarar injin, aka mayar da Yaya kan gadon, aka ɗaure shi. Likitan ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Akwai wurin mutum ɗaya. Wane ne ɗan uwansa na kusa?"

Duk unguwa ta juya ta dubi Kyaftin.

Ya dubi farfelar nan da ke yanka iska, ya dubi ƙaramar ƙofar. "Ai kaya na nan a watse," in ji shi. "Wa zai kwashe? Ko Tela zai raka shi?"

"Ni kafet ya riga ya ɗaga ni yau, ya ishe ni," in ji Tela.

"Malam, ba mu da lokaci," in ji likita.

Kyaftin ya sunkuya kusa da yayansa. Ya so ya yi raɗa, amma ƙarar jirgi ta sa dole ya ɗaga murya, har na bayan katanga suka ji. "Yaya, ni fa ban taɓa hawa ba. Ko tsani in ya wuce mataki bakwai jiri nake ji."

Yayan ya buɗe ido ɗaya. "Na sani. Taho dai."

Ba wanda ya yi dariya, har Tela. Kyaftin ya sunkuyar da kai yadda ya ga likita ya yi, ya bi gefen gadon ta inda aka nuna masa. Aka tura shi ciki, aka ɗaure shi a wata 'yar kujera, aka kifa masa abin toshe kunne, mataimakin likita ya dubi fuskarsa sau ɗaya ya miƙa masa jakar amai. Daga gaba matuƙiyar ta waiwayo.

"Kai ne mai kujerun?"

Ya gyaɗa kai.

"Kwashewar ta yi kyau. Kar ka taɓa komai."

Ƙofa ta rufe, injin ya ƙara ƙarfi, ƙasa ta fara ja da baya. Kyaftin ya leƙa ta taga sau ɗaya, ya ga rufin makaranta a ƙarƙashinsa, ya ga kogi ya yi ja ya cika har baki, ya runtse ido ya fara karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Hannunsa ya laluba ya samu na yayansa a gefen gado, ya damƙe shi da duk ƙarfinsa. Hannun da ɗumi, kuma yatsun suka motsa suka riƙe shi.

Suna tsakiyar kogi ya ji ana jan hannun rigarsa. Ya ɗaga abin kunnen ya sunkuya, ido a rufe, ya zaci wasiyya za a ba shi.

"Ƙanina," in ji Yaya da 'yar muryar da ta rage masa, "ƙafa ce ta karye. Kar ka ƙara musu aiki da hannu."

Kyaftin ya sassauta riƙon kaɗan, hawaye na bin kumatunsa. Amma bai saki ba har suka sauka.